Yadda Ake Zaɓen Kayan Ƙafar Tsohuwar Mota Masu Ƙarko da Yadda Ake Ɗaura Su

Wata safiya cikin damina na ɗauko yara zan kai su makaranta a Kano. Ina tafe a hankali, na karya sitiyari zan shiga wani lungu ke nan sai na ji ƙara kamar an taka ƙwarya, gaban motar ya durƙusa ta hannun dama. Da na fito sai na tarar taya ta kwanta a karkace, shaf ya zare daga giyabos, mai na ɗiga cikin taɓo. Boljoyin ne ya cire, wato gaɓar ƙarfe mai dunƙulallen kai da ke riƙe taya a ƙafar mota, wata huɗu kacal da sa shi. Na tsuguna na duba: robar da ke rufe shi ta yage, ciki babu giris ko ɗis, sai jar ƙasa da tsatsa. Abin da ya hana ni barci a daren shi ne, kwana biyu kafin nan na taso daga Zariya da iyalina a cikin wannan motar, ina gudun kilomita 100 a kan babban titi.

Motar Honda Accord ce ta 2004, wadda ake kira EOD, kuma ba ta da laifi. Ni ne aka ajiye wa boljoyin iri biyu a kan kanta, na ɗauki mai arha marar suna. Tun daga ranar na sa kaina koyon harkar ƙafar mota a wurin masu sana'ar, kuma abin da na tara shi ne zan shimfiɗa a nan.

Idan bakanike ya ce "ƙafa", yana nufin duk abin da ke tsakanin taya da jikin mota: shakazoba da sifirin, lowa'am (hannun ƙarfe na ƙasa da ke haɗa taya da jikin mota) da bushin (robar da bolti ke ratsawa) da ke jikinsa, boljoyin, tayirod (sandar da ke kai juyin sitiyari ga taya) na ciki da na waje, linkej (ɗan ƙarfen da ke haɗa sandar hana tangaɗi da ƙafa) da robobin sandar da ke hana mota tangaɗi a kwana, sai mauntin da ke saman shakazoba. Motocin da suka cika titunanmu, irin su Golf 3, Corolla ta 2003 zuwa 2008, Camry, Accord, Peugeot 406 da sauran 504 da kamfanin PAN ya riƙa harhaɗawa a Kaduna, yawancinsu sun haura shekara ashirin. Manyan masu ƙera shakazoba kamar KYB da Monroe suna ba da shawarar sauyi ne a wajen kilomita 80,000, alhali motocinmu tun kafin su sauka tashar Legas ko Kwatano sun ninka wannan tafiyar.

Mataki na farko: gano abin da ya lalace kafin ka taɓa aljihu

Kuɗi da yawa suna salwanta a nan. Mutum ya ji ƙwanƙwasa a gaba, a ce masa shakazoba ne, ya saya a sa, ya fita daga gareji ya taka gargada ƙarar tana nan, domin tun farko linkej ne, wanda kuɗinsa bai kai rabin rabin na shakazoba ba.

Fara da kunnenka. Ƙara ƙanana a jere, ƙwas-ƙwas-ƙwas, a kan gargada galibi linkej ne ko robar sanda. Dum mai nauyi idan ka taka birki ko ka tashi daga tsaye yakan zama babban bushin lowa'am. Kukan ƙofar da ta rasa mai idan kana juya sitiyari a tsaye alama ce ta boljoyin da ya bushe, ko boris ɗin mauntin, wato zoben da ke sa shi juyawa sumul. Idan kuwa mota ta wuce tudun rage gudu ta ci gaba da lilo kamar kwalekwale, shakazoba ya mutu.

Daga nan sai ido da hannu. A ajiye mota a wuri mai daidai ka ja baya ka duba ko wani gefe ya zauna. Idan ya zauna, sifirin ne ya gaji ko ya karye, ba shakazoba ba, domin sifirin ne ke ɗauke da nauyin mota, aikin shakazoba kashe lilo ne. Danna kowace kusurwa da ƙarfi ka saki: ta taso ta tsaya, lafiya, ta yi lilo biyu ko uku, akwai magana. Leƙa jikin shakazoba. Ɗan danshin mai da ƙura ta manne a sama ba komai ba ne, amma man da ya gangaro har ƙasa ya jiƙe jikin, wannan ya gama aiki. Shafa tafin hannunka a fuskar taya. Idan ka ji tudu da kwari a jere, taya tana tsalle a kan titi saboda shakazoba ya sake ta. Idan gefe ɗaya ne ya cinye, alayimen ne, wato saitin tsayuwar tayoyi, ko bushin.

Sai a ɗaga mota. Kama taya sama da ƙasa ka girgiza: motsi a nan boljoyin ne ko boris. Kama ta hagu da dama: motsi a nan tayirod ne. Akwai wani abu da yaran gareji da yawa ba su sani ba. A motocin da nauyi ke sauka a kan lowa'am, kamar Accord ɗin nan da Marsandi 190, idan aka ɗaga jikin mota taya ta rataya, ƙarfin sifirin yana iya matse boljoyin ya ɓoye sakinsa. Sai an tokare ƙarƙashin lowa'am da jak, an sa ƙarfe a ƙarƙashin taya an ɗaga, sannan gaskiya take fitowa. A irin waɗannan motocin boljoyin na ƙasa shi ke riƙe da nauyi, shi ya sa idan ya cire taya take kwanciya. A Corolla da Golf 3 nauyin yana bi ta shakazoba da sifirin zuwa mauntin, boljoyin bai sha wahala haka ba, ko da yake shi ma ba abin wasa ba ne.

Ka roƙi bakanike ya nuna maka da idonka. Na ƙwarai ba ya jin haushin wannan. Wanda nake kai wa aiki yanzu, dattijo ne, da kansa yake cewa, "Malam, sunkuyo ka gani, kar gobe ka ce ba a faɗa maka ba."

Mataki na biyu: saya da lamba, ba da ido ba

"Ba ni shakazoban Corolla" ba oda ba ce. Corolla ɗin da aka yi wa kasuwar Amurka da wadda aka yi wa Turai, ko da shekararsu ɗaya, ba lallai kayan ƙafarsu su zo ɗaya ba. Camry mai silinda shida injinta ya fi na mai huɗu nauyi, don haka sifirin gabansu ya bambanta. Abin da ke raba gardama shi ne lambar shasi, mai harafi da lamba 17, galibi tana ƙasan gilashin gaba ta gefen direba, ko a jikin ginshiƙin ƙofa. Idan ta fara da J, a Jafan aka ƙera motar, 1, 4 ko 5 Amurka, 2 Kanada, W Jamus, VF Faransa. A motocin kasuwar Amurka da Kanada, gurbi na goma shi ke nuna shekara: 3 na nufin 2003, 5 na nufin 2005, Y kuwa 2000.

Da wannan lambar, mai shagon da ya san aikinsa zai ciro maka lambar kayan a waya ko kwamfuta, kai ma za ka iya a shafukan intanet. A tsarin Toyota lambar kaya gida biyu ce, biyar da biyar, kuma biyar ɗin farko suna faɗin ko mene ne: 48510 shakazoban gaba na dama, 48520 na hagu, 48068 da 48069 lowa'am dama da hagu, 43330 boljoyin ƙasa, 48820 linkej na gaba. Rubuta cikakkiyar lambar a takarda, ka kuma tafi kasuwa da tsohon da aka cire, a jera su gefe da gefe a duba tsayi, ramukan bolti da wurin maƙala wayar birki.

Mataki na uku: san darajojin kaya, da inda za ka iya rage kuɗi

Ko a Ƙofar Ruwa kake a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Apo a Abuja, ko Ladipo a Legas, abin da za a miƙo maka bai wuce iri biyar ba. Akwai na asali a kwalin kamfanin mota, shi ya fi tsada, kuma na tsofaffin motoci yana wuyar samu. Akwai na sanannun kamfanoni, waɗanda yawancinsu su ne dama suke ƙera wa masu motar: KYB da 555 na Jafan, Sachs da Lemförder na rukunin ZF a Jamus, CTR na Koriya ta Kudu, Monroe, TRW. A ganina nan ne mai tsohuwar mota ya kamata ya tsaya, domin ingancin yana kusa da na asali, kuɗin kuma bai kai ba. Akwai sabo marar suna, wanda kwalinsa ke sheƙi amma babu adireshin wanda ya yi shi. Akwai jabu, wato marar sunan da aka sa wa rigar mai suna. Sai kuma Baljiyam, kayan gwanjo da aka kwance daga motocin waje. Sunan ya samo asali ne daga tsofaffin motocin da aka daɗe ana lodinsu daga tashar Antwaf ta ƙasar Beljiyam zuwa Afirka ta Yamma, ko da yake yanzu kayan na zuwa daga wurare da yawa.

Mutane da yawa sun yi imani Baljiyam ya fi sabo. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin tsohon na asali yakan fi sabon jabu. Amma a raba magana gida biyu. Abin da ƙarfe ne zalla, kamar jikin lowa'am, sandar hana tangaɗi, ƙashin da taya ke ɗaure a kai, har da sifirin idan bai yi tsatsa ba, Baljiyam ɗinsa yana da kyau, sau da yawa ma ya fi sabon kasuwa kauri. Abin da kuwa roba ne ko mai motsi a ciki, shekaru suna cinsa ko da motar a ajiye take. Roba tana bushewa ta tsattsage da zafi da iska, ga shi zafinmu a watan Afrilu yana haura digiri 40. Bushin da ya shekara ashirin a Turai, ka kawo shi nan, kwanansa ƙidayayyu ne. Haka kuma kayan da suka fito daga Kanada da arewacin Amurka, inda ake watsa gishiri a titi lokacin ƙanƙara, tsatsa tana cin su ta ciki. Ka ƙwanƙwasa da sifana, idan ɓawo yana zubowa ka ajiye.

Ƙa'idata ita ce wannan. Boljoyin da tayirod, sabo kawai, na kamfani sananne, ko da zai sa in ajiye motar mako guda in tara kuɗin. Su biyun nan ne idan suka cire babu birkin da zai cece ka. Shakazoba ma sabo na fi so. Idan aljihu bai kai ba, Baljiyam da aka gwada da kyau zai iya riƙe ka na wani lokaci. Linkej da robar sanda kana iya sayen matsakaici, domin idan suka lalace ƙara za su yi maka, ba za su kayar da kai ba. Robar da ake yankawa daga tsohuwar tayar babbar mota tana aiki a sandar hana tangaɗi da sifirin faranti na a-kori-kura, amma ban yarda a sa ta a lowa'am ba, domin bushin wurin a manne yake da ƙarfensa tun daga masana'anta, murɗawa yake yi, ba juyawa ba.

Ga lissafin da nake yi wa duk wanda ya ce mai kyau ya yi tsada. Alƙaluman misali ne, ka sa farashin garinku a madadinsu. A ce mai kyau naira 30,000 ne, mai arha 10,000, kuɗin aiki da alayimen 15,000 kowane zuwa. Idan mai kyau ya yi shekara biyu, ka kashe 45,000. Idan mai arha yana mutuwa duk wata shida, a shekara biyun nan ka je sau huɗu, ka kashe 100,000, ban da tayar da ta cinye da ranakun da ka yini a gareji. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Mataki na huɗu: gwaji a bakin shago

Kada ka aika yaro, kada kuma ka biya kafin a buɗe kwali.

Fara da shakazoba. Lambar da ke kan kwali, da ta takardar da ke manne a jiki, da wadda aka buga a ƙarfen, dole su zama ɗaya. Bugun na ƙwarai yana da tsabta, zurfinsa daidai, haruffan a kan layi. Duba walda a inda kujerar sifirin da kunnuwan bolti suka haɗu da jiki: ta masana'antar kirki a jere take kamar ɗinkin keke, ta jabu kuwa dunƙule-dunƙule ce da tartsatsi a gefe. Sandar da ke shiga tana fita ta zama sumul kamar madubi. Ƙarzuwa ɗaya ta isa ta yanke robar da ke tare mai. Wani abin lura: rashin ganin sunan Jafan a jikin KYB ba shi ke nuna jabu ba, domin kamfanin yana da masana'antu a wasu ƙasashen, ciki har da Malesiya, Tailan, Sifen da Amurka. Masu jabu ma sun fi kowa son rubuta Jafan da manyan haruffa.

Tsayar da shi a tsaye, sanda a sama, ka danna har ƙasa ka ja har sama sau huɗu ko biyar. Ya kamata ka ji turjiya iri ɗaya tun daga farko har ƙarshe, kuma ja ya fi dannawa wuya. Idan akwai wurin da ya zurma babu turjiya, ko kana jin ƙulu-ƙulu bayan ka yi ta dannawa, ajiye shi. Mai gas, wanda aka ɗura wa iskar naitirojin don kada man ciki ya yi kumfa idan ya ɗau zafi, zai taso da kansa a hankali. Mai mai zalla ba ya tasowa, kuma wannan ba aibi ba ne, haka aka yi shi. Gwada na dama da na hagu tare. Idan ɗaya ya riga ɗaya tasowa da nisa, ba abokan juna ba ne. Wannan gwajin hannu matacce yake fitarwa kawai, ba zai gaya maka shekara nawa mai rai zai yi ba, shi ya sa sunan mai ƙerawa da amanar mai sayarwa suke da muhimmanci.

A kayan Baljiyam akwai wani abin tsoro na daban, shi ne shakazoban da aka yi wa ɗure. Ana huda mataccen a gindi, a zuba masa mai mai kauri, a toshe da walda ko ƙusa, a fesa baƙin fenti. A hannu zai yi tauri har ya burge ka, a mota kuwa mako biyu ya sake. Na taɓa riƙe irinsa: fentin yana ɗan danƙo a yatsa, yana warin sabo, kuma da na kankare gindin da makulli sai ga ɗigon walda kamar ƙwayar wake. Baljiyam na gaske yana zuwa ne da dattinsa da tsohon fentinsa. Wanda ya fi sauran ƙyalli a cikin tari, shi za ka fi tuhuma.

Boljoyin da tayirod kuwa, kama kan ka karkata shi. Sabo mai kyau yana da tauri, sai ka sa ƙarfi, amma yana tafiya sumul babu cijewa. Wanda ke kaɗawa da yatsa ɗaya tun a kwali, ya mutu kafin a sa shi. Matsa robar da ke rufe shi: ta zama mai laushi da kauri, ta koma yadda take, da zoben waya da ya ɗaure ta sama da ƙasa. Wannan 'yar robar ita ce ran boljoyin. Da zarar ta yage, ƙurar hunturu ta shiga ta gauraya da giris ta zama kamar yashin goge ƙarfe, ruwan damina ya zo ya wanke sauran. Abin da ya faru da nawa ke nan. Duba zaren noti ya zama mai tsabta, notin kuma ya zo da fil ɗinsa ko da roba mai kulle shi.

Bushin, danna shi da farce. Kada ya zama kamar dutse, kada kuma ya lotsa kamar soso. Duba inda roba ta haɗu da ƙarfe, kada ka ga rata.

Kafin ka bar shagon, a rubuta maka rasit mai ɗauke da sunan kaya, lambarsa da kwanan wata, ku kuma yi magana a fili kan kwanakin gwaji. "Alhaji, idan ya zubar da mai cikin mako biyu fa?" Mai kaya na gaskiya zai ce ka dawo da shi, har ya sa masa alamar fenti don ya gane nasa. Wanda ya hau rantsuwa maimakon ya ba da amsa, ka gode masa ka yi gaba. Rasit ɗin shi ne hujjarka a gaban shugabannin kasuwa, ko hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC, ko hukumar SON mai kula da ingancin kaya.

Mataki na biyar: tsaya a kan aikin ɗaurawa

Da yawa daga kayan da ake zagi ana cewa jabu ne, a gareji aka kashe su. Wannan ne matakin da na fi so mai karatu ya riƙe.

A sauya bibbiyu. Shakazoban dama sabo, na hagu tsoho, mota za ta riƙa ja gefe idan ka taka birki, sabon kuma ya ɗauki aikin biyu ya gaji da wuri. Haka sifirin. Kuma tunda an riga an kwance, a sauya robar da ke rufe sandar shakazoba daga ƙura, da ɗan kushin da ke tare shi idan ya nutse har ƙarshe, a duba mauntin. Kuɗinsu kaɗan ne, kuma rashinsu ne ke kashe sabon shakazoba a hanyoyinmu na jar ƙasa.

Kafin a sa shakazoba a tsayar da shi a danna shi sau huɗu ko biyar, domin ya daɗe a kwance a kwali, iska ta shiga inda mai ya kamata ya zauna. Kada a bari yaro ya kama sandar da filaya don ya ɗaure notin sama. Haƙoran filaya suna barin tabo, tabon ya yanke roba, bayan wata guda mai ya zubo, a ce kayan ne ba su da kyau. A saman sandar akwai wurin da aka tanada don riƙewa da makullinsa.

Sifirin a matse shi da na'urar matsewa. Na ga inda ake ɗaure shi da igiya, ko yara biyu su danne da hannu ana kwance noti. Sifirin da ke ɗauke da kusurwar mota idan ya ƙwace yana iya fasa fuska. Haka nan kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da ke kan jak kaɗai, sai an tokare ta da ƙafar ƙarfe.

Bushin da boljoyin da ake cusawa, a kai su wurin mai firas, wato injin da ke danna su su shige. Guduma tana lanƙwasa bakin ƙarfe, tana kuma fasa kujerar roba mai tauri da ke cikin boljoyin. Ƙona tsohon bushin da wuta don ya fita yana raunana lowa'am, balle na alminiyam. Wasu bushin suna da ramuka a jikin robar, kuma ramukan suna da fuskar da ake so su kalla, don haka a yi alama a kan tsohon kafin a fitar. Kada a shafa wa roba baƙin mai ko giris don ta shige. Man fetur da danginsa suna narkar da roba, ruwan sabulu ya wadatar. Saboda wannan dalilin ne ma idan injinka yana ɗigar da mai a kan bushin, sai ka toshe yoyon tukuna, in ba haka ba sabon ma zai ruɓe.

Abubuwa biyu kada ka yarda da su ko da kyauta ne: a yi wa boljoyin walda a mazauninsa don ramin ya buɗe, ko a dake tsohon da guduma a cusa masa leda don ya daina motsi. Walda tana dafa abin da ke ciki, dukan kuma ƙarar yake ɓoyewa, lalacewar tana nan. Idan rami ya buɗe, ƙarfen da ramin ke jikinsa za a sauya.

Sai babbar magana, wadda dattijon bakaniken nan ya koya mini. Boltin da ya ratsa ta cikin bushin roba ba a ɗaure shi tamau mota tana rataye. A sa shi sako-sako, a sauke mota ta zauna a kan tayoyinta, a girgiza ta, sannan a shiga rami a ƙarasa ɗaurewa. Dalili kuwa, idan aka ɗaure taya tana lilo a sama, da an sauke mota robar za ta murɗe, ta zauna a murɗe dare da rana, kowane rami ya ƙara mata, cikin 'yan watanni ta yage. Ranar da ya nuna mini, ya ɗauko wani bushin da bai fi wata uku ba, yagewar ta zagaye shi kamar an murɗe wuyan tsumma. Ya ce, "Ka ga wannan, ba kasuwa ce ta cuce shi ba, sifana ce." Idan garejin babu rami, a tokare lowa'am da jak har nauyin motar ya hau kansa, sannan a ɗaure.

A tabbata an mayar da fil a notin boljoyin da na tayirod, sabon fil, ba lanƙwasasshiyar ƙusa ba. Notin taya ma yana da ma'auni, na Corolla 103 ne a awon ƙarfin ɗauri na Nm, na Accord 108. Tsayawa a kan sifana da ƙafa yana miƙar da bolti.

Mataki na shida: alayimen a ranar

Duk aikin da ya taɓa tayirod, lowa'am ko shakazoban gaba, daga gareji sai wurin alayimen, ba gobe ba. Kuma a yi shi bayan an gama sauya duk abin da ke motsi, domin alayimen a kan mataccen bushin zubar da kuɗi ne.

Mataki na bakwai: abin da ya rage a hannunka

Buɗe ƙofar direba ka karanta takardar da galibi ke manne a ginshiƙi. Ƙananan motoci irin waɗannan iskar tayarsu tana tsakanin 30 da 33 ne a ma'aunin masu faci, amma sau da yawa za ka tarar an ɗura 45 ko 50 da sunan kada taya ta kwanta. Taya ita ce ta fara shan duka kafin ya kai ga sifirin. Idan ta zama dutse, duk dukan boljoyin da bushin yake tafiya. Ka sayi ɗan ma'auninka, ka auna da safe kafin taya ta yi zafi.

A takardar nan dai akwai nauyin da aka yarda motar ta ɗauka. A Corolla da Accord na waɗannan shekarun bai kai kilo 400 ba, mutane da kaya gaba ɗaya. Manya biyar da buhun masara mai kilo 100 a but, ka riga ka wuce. Na san direbobin haya da ke bin hanyar Katsina, Daura ko Maraɗi da Golf 3 ba za su iya tsayawa a wannan awon ba, abincinsu a lodin yake. Abin da zan ce musu shi ne su ɗauki duba ƙafa a matsayin aikin kowane wata, kuma idan za a ƙara wa baya tsayi a yi da sifirin mai ƙarfi da shakazoban da ya dace da tsayinsa, ba a cusa katako ko dunƙulen roba a tsakanin zoben sifirin ba.

A tudun rage gudu da bakin rami, ka taka birki tun daga nesa ka sake shi kafin taya ta hau. Idan ka hau da birki a take, gaban mota ya riga ya nutse, shakazoba ba shi da sauran wurin shan duka. Bayan ka ratsa ruwa ko taɓo a wanke ƙarƙashin mota, amma kada mai wanki ya saita bakin injin feshi a kan robar boljoyin.

Bayan mako biyu da aikin ka koma gareji a sake bin notocin, a leƙa ko shakazoba ya jiƙe. Daga nan duk lokacin da za a juye baƙin mai, ka sa a juya sitiyari har ƙarshe, ka haska fitilar waya a kan robobin boljoyin da tayirod. Idan ka ga tsaga ko giris ya fito, a sauya a makon. Ni ina ajiye ƙaramin littafi a aljihun gaban mota, ina rubuta ranar da aka sa kowane abu, sunan kamfaninsa, shagon da na saya da kilomitan da agogo ya nuna, rasit ɗin kuma ina maƙale shi a shafin.